Shayi, kaciya da angurya: me kalmomin ke ɗauke da shi?

Tambayoyin wannan makon duk a kan askar wanzami suka faɗo. Na so in yi kara in tsallake su, sai na tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani ɗalibi ya ce: "Malam, mene ne bambancin kaciya da shayi? Kuma akwai dangantaka da shayin da ake sha?"

Idan a kan namiji ake magana, ma'anarsu ɗaya: yanke loɓa, wato fatar da ta lulluɓe kan mazakuta. Shayi ya fi laushi a baki, shi ya sa mai kunya kan zaɓe shi a gaban manya. Shayin sha kuwa aro ne daga Larabci, kamannin lafazi kawai ya haɗa su. Abin lura shi ne, ban taɓa jin an ce an yi wa yarinya shayi ba. Kalmar kaciya ce kaɗai ake ja har ta kai kan mace. Riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Wani kuma ya nemi ma'anar "wanzami ba ya son jarfa". Jarfa ita ce tsagar ado ƙanana da ake yi da bakin aska. Mai tsaga fatar wasu kullum, in aka juyo da askar kansa sai ya noƙe, don ya fi kowa sanin zafinta. Ana faɗa wa mutumin da ke yi wa jama'a abin da shi ba zai jure ba.

Tambaya ta uku ita ta hana ni barci. Wata uwa ta rubuto cewa ta haifi 'ya mace, uwar mijinta ta ce a cire mata angurya, wai ai kaciya sunna ce. Ta ce: "Malam, angurya da kaciya abu ɗaya ne?"

'Yar'uwa, Allah Ya raya. Mu fara da kalmar. Angurya asalinta ƙwayar auduga ce, wadda ke saura bayan an gurje kaɗa. Sai aka ari sunan aka liƙa wa ɗan naman da ke ƙofar gaban jaririya. Ki ji abin da sunan ya yi: ya mai da tsokar jiki mai jini da jijiya kamar wani datti da ya kamata a tsince. Haka ma gishiri. An ɗauki sunan abu mai amfani an sa wa wata cuta da ake cewa tana toshe gaban mace, musamman in naƙuda ta yi tsawo, sai a tsaga ta da aska. Wurin da ake tsagawar, mafitsara na jingine a bayansa, tsakaninsu 'yar fata ce. In aska ta zarce, ga yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce babbar mai kawo wannan lalura, amma yankan gishiri ma yana kawo ta, alhali maganin naƙudar da ta ƙi ci yana asibiti.

Sai batun sunna. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya lissafa abubuwa biyar na fiɗira, wato ɗabi'ar asali da aka halicci ɗan Adam a kanta: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige gashin hammata. Bukhari ya ruwaito Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi kaciya yana ɗan shekara 80. Amma Larabcin malaman fiƙihu yana da kalma biyu, khitan ta maza da khifad ta mata, mu kuwa muka zuba su a ƙwarya ɗaya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kira ta maza sunna, ta mata kuwa makruma, abin karramawa, ba ta daidaita su ba. Gaskiya ne Shafi'iyya sun wajabta wa duka biyun, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai hadisin Ummu Aɗiyya da aka fi kafa hujja da shi kan ta mata, Abu Dawuda da ya kawo shi da kansa ya ce mai rauni ne. A 2007 hukumar fatawa ta Masar ta ce haramun ne saboda cutarwarsa. Kuma babu ko ɗaya daga waɗannan littattafai da ya san wani abu wai shi angurya ko gishiri.

Likitoci ma sun raba su. Gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda sun nuna kaciyar namiji na rage haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kusan kashi 60 cikin 100, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin ta a 2007, a hannun ƙwararre da kayan aiki masu tsabta. Ta mace kuwa hukumar ta ce ba ta da amfani ko ɗaya ga lafiya: zubar jini, ƙwayoyin cuta, tabo mai wahalar da haihuwa. Ta kasa ta kashi huɗu, angurya da gishiri suna cikin na huɗu. A 2024 UNICEF ta ce mata da 'yan mata sama da miliyan 230 ke raye da wannan yanka. Nijar ta hana shi da doka a 2003, Nijeriya a 2015.

Ni dai na daina cewa "kaciyar mata" sai dole. Yanka nake cewa, domin kalmar kaciya tana ara wa abin rigar mutuncin da ba tasa ba.

Surukarki ba mugunta take nufi ba, abin da ta tarar ne, kuma jikarta take so. Kada ki yi musu da ita ke kaɗai. Ki fara shawo kan maigidan, shi ya je ya same ta cikin ladabi ya ce, "Inna, mu kai ta asibiti a duba tukuna, in akwai abin da ya toshe likita zai gani." Kafin nan, kada yarinyar ta bar hannunki.