Kuloci Ya Mutu a Hanya, Ko Mota Za Ta Iya Kai Ni Gari?

Tambaya: Ina tsakanin Funtuwa da Zariya da yamma, na taka kuloci sai ya zarce ƙasa bai dawo ba, giya ta ƙi shiga. Dole sai janwe? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, ba dole ba ne, amma fara duba abin da ya lalace. Idan kulocin motar mai waya ne, kamar na yawancin Golf 3, wataƙila wayar ce ta tsinke. Idan mai aiki da mai ne, buɗe bonet ka leƙa robar man birki, don motoci da yawa daga nan kuloci ke sha. In ya yi ƙasa, ƙara man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4, wanda aka rubuta a murfin, ka yi ta famfa feda. Wani lokaci ya kan farfaɗo.

In ya ƙi, ɗumama injin a firi, ka kashe, ka sa lamba ɗaya, sannan ka murza makulli da ɗan totur. Kik zai fizgi motar gaba tana tsalle kamar akuya har injin ya kama. Tabbatar babu kowa a gabanka. Wasu motocin ba sa tashi sai an danne fedar kuloci, to danne ta ko da ta mutu.

Sauya giya shi ne inda ake ɓarna. Bari injin ya kai wajen 2,500 a agogon juyin inji, ka sassauta totur, a daidai lokacin ka zare giya zuwa firi. Za ka ji ta fito babu gardama. Sai ka jingina sandar a bakin lamba biyu da yatsu biyu kawai, kana jiran injin ya sauko. Da juyinsa ya dace da gudun taya za ta faɗa da kanta. Ka ji ƙurrr? Saki, ka sake. Masu cusa ta da ƙarfi su ne ke cinye zoben tagulla na cikin giyabos, gyaran kuloci ya koma sauke giya gaba ɗaya. Wajen saukowa kuwa, ɗan bugi totur a firi kafin ka sa ta ƙasa.

Tsayawa: koma firi, taka birki. Kowace tsayawa sai ka sake tayarwa da kik, batir na shan wuya, don haka kauce wa cunkoson cikin gari, ka tsaya gun bakaniken farko.

In kuwa fulet ɗin kuloci ne ya cinye, injin na ihu mota ba ta gaba, wannan dabarar ba ta aiki. Nemi janwe.