Ina zan ajiye littattafan ajamin kakana?

Malam, ka tambaya ko ka miƙa tsofaffin littattafan ajamin kakanka gidan tarihi ko ka bar su a gida, ga tsoron ambaliya. Ka bar su a hannunka, amma yau ɗin nan ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka tura wa ɗan'uwa a wani gari, sannan ka ɗora su can sama cikin akwatin ƙarfe.

Sai dai don Allah kada ka naɗe su a leda, farin ƙyalle ya fi. Na yi wa gafakar mahaifina haka, damina ɗaya takardun suka manne, tawada ta yi jirwaye, har yanzu abin yana min ciwo. Ko littattafan Timbuktu da aka tserar zuwa Bamako a 2012, bayan sun kuɓuta daga 'yan bindiga danshi ne ya zame musu barazana.