Filin awon igiya a hanyar Dutsin-ma: in saya da kuɗin shago?

Tambaya: Ina sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Katsina. Wani dillali ya nuna mini fuloti biyu na awon igiya a hanyar Dutsin-ma, gaba da jami'a, ya ce nan da shekara uku gari zai iso. In zari rabin jarina in saya?

Amsa: Alhaji, dillalinka ya yi gaskiya, gari can ya nufa. Tun da Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987 ta tumbatsa ta bar ganuwa a baya, kuma inda kwalta da makaranta suka je nan jama'a ke bi. Hanyar nan ta tara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da kwalejin Hassan Usman. Ga 'yan'uwanmu na Batsari da Jibiya da Safana da rashin tsaro ya koro, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne ke damuna. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Takardar mai gona da sa hannun mai unguwa shaida ce ta ciniki, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Mai igiya yakan matse layi don ya fitar da fuloti da yawa, ba ya barin wurin magudanar ruwa balle makaranta. Ranar da aka zo fitar da titi ko sabon awo, diyyar da doka ta fi sani ta gini ce da amfanin gona. Mai fili fayau, wallahi shi ke kwana ciki.

Don haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, je Hukumar Tsara Birane ta jiha da ma'aikatar filaye, a duba ko wurin ya faɗa cikin wani tsari. In gonar gado ce, ka ga magadan duka ido da ido, har matan.

Rabin jari kuwa ban yarda ba. Buhun sukari na juyawa cikin mako, fili sai ya shekara bai ba ka ko sisi ba, kuma ranar da ka matsu ka sayar, dillalin nan ne zai karya farashin. Ɗauki fuloti ɗaya daga ribar da ka ware, ka zagaye shi da katanga kafin damina.