Jakata ta kai kilo 19, an ce in rage rabi

Tambaya: Malam, ina karatu a jihar Jojiya ta Amurka, kuma ina shirin yin sati uku ina taka hanyar ƙafa ta Appalachian a lokacin hutu. Na ɗora jakata a sikeli ta kai kilo 19. Wasu da suka daɗe a harkar sun ce in ajiye rabin kayan. Anya ba ganganci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka saurare su, amma kada ka kwafi jerin kayansu ido rufe. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai ka san ciwon da kake yi wa maganin.

Hanyar nan ta kai wajen kilomita 3,500, daga dutsen Springer na Jojiya zuwa Katahdin a jihar Maine, ta ratsa jihohi 14. A cikin masu niyyar gama ta a tafiya ɗaya, kusan ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe. Wanda ya kai ya sha ruwan sama kwana da kwanaki, ƙafarsa ta yi bororo ta warke, ya san abin da hannunsa ke lalubowa a jaka kullum da abin da ya yi wata bai taɓa ba. Su a wajensu jaka ba ta amsa sunan mara nauyi sosai sai ta gaza kilo 4 da rabi, ban da abinci da ruwa da man girki. Kuma ba daga yanke mariƙin buroshin haƙori suke farawa ba, ko da yake akwai masu yi, ana yi musu dariya. Daga manyan uku suke farawa: jakar kanta, tanti, da abin kwanciya.

Suna da wata magana, wai mutum tsoronsa yake ɗaurewa a jaka. Mai tsoron sanyi rigunan sanyi uku, mai tsoron yunwa gwangwanaye. Shi ya sa a Neels Gap, kilomita 50 kacal daga Springer, akwai shagon da ake zazzage wa sababbin matafiya jaka a ƙasa, a ware tarkace a aika musu gida ta gidan waya.

Ana yawan kawo misalin Emma Gatewood, wadda ta gama hanyar ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67, da takalmin kambas, da bargo, da labulen banɗaki na leda a madadin tanti. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1954 ta gwada ta ɓata a dajin Maine, ta koma gida. Ilimin ne ya sauƙaƙa mata kaya. Mai kwana a ƙarƙashin tamfol a madadin tanti ya san inda zai kafa shi ruwa bai bi ta ƙarƙashinsa ba, kai kuwa ba ka sani ba tukuna, don haka riƙe tantinka. Rigar ruwa da rigar ɗumi ma kada kowa ya raba ka da su. Jiƙewa a iska mai sanyi tana kisa ko ba a hunturu ba.

In ka zauna da su, kada ka tsaya kan "me kike ɗauka?" ko "nawa ka saya?" Tambaye su me suka daina ɗauka, a wane wata suka yi tafiyar, kuma wane dare ne suka yi da-na-sanin barin wani abu a gida.

Kafin hutun, yi kwana biyu a daji kusa. Da ka dawo, juye jakar a tsakar ɗaki, ka ware abin da ba ka taɓa ba. Ban da kayan agajin gaggawa da rigar ruwa da rigar ɗumi, sauran su zauna a gida, sannan ka sake ɗora jakar a sikeli.