Maganin wankin jini ko na'urar awon jini?

Tambaya: Shekarata 46, kuma shekara 9 ke nan ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Gwaji ya nuna ƙwayar ta kwanta. Wata mai tallan magani a unguwarmu ta ce masu irin lalurata ciwon zuciya ke kashe su saboda kumburi a jini, ta kawo mini wani haɗi a jarka wai yana wanke jini. Na ɗauki adashena, in saya? Daga wata baiwar Allah a Gwale.

Amsa: 'Yar uwa, mai tallan nan gaskiya ta fara faɗa, sannan ta ɗora hajarta a kai. Ko ƙwayar ta kwanta, garkuwar jiki ba ta ajiye makamai gaba ɗaya, kullum tana cikin shirin yaƙi. Wannan zaman ɗar-ɗar shi likitoci ke kira kumburi, kuma ba irin na ƙafa ba ne da ido ke gani. A hankali yake cin bangon jijiyoyin jini, kitse ya samu wurin maƙalewa, jini ya riƙa saurin gudaji, hanya ta tsuke. Shi ya sa haɗarin ciwon zuciya ga mai wannan cuta ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da ita.

Amma ruwan jarka ba ya kai wa nan. Babu wanda zai gaya miki abin da aka zuba a ciki, alhali hantarki da ƙodarki ne za su tace shi tare da maganin asibiti. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ce miki ki ɗan dakata da ƙwayoyinki don haɗin ya yi aiki. An taɓa gwada hutun magani a wani babban bincike mai suna SMART, dole aka tsayar da shi a 2006, domin waɗanda suka riƙa hutawa sun fi kamuwa da rashin lafiya mai tsanani kuma sun fi mutuwa. Maganin da kike karɓa kyauta shi ne babban maganin kumburinki.

Akwai kuma abin da aka gwada aka ga amfaninsa. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken REPRIEVE, na mutum 7,769 masu wannan cuta 'yan shekara 40 zuwa 75, a ƙasashe 12, ciki har da Uganda da Afirka ta Kudu. Rabi sun sha maganin rage kitsen jini, pitavastatin, ƙwaya ɗaya kullum, sai bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu suka ragu da kashi 35 cikin ɗari a cikinsu, in an kwatanta da ɗaya rabin da ba su sha ba. Shekarunki sun faɗa ciki. Ranar da za ki je karɓar magani, a Asibitin Malam Aminu Kano ne ko Murtala ko Asibitin Zana, ki tayar wa likita da zancen. Kada dai ki shiga kemis ki saya da kanki, don wani mai suna simvastatin ɗan gidan pitavastatin ne, amma ba ya jituwa da wasu magungunan cutar taki.

Kuɗin adashen fa? Da ni ce, gwajin kitse da na suga zan fara biya, sannan in sayi na'urar awon jini, ta damtse ba ta wuyan hannu ba, mai bel daidai kaurin hannuna. Ki riƙa awo a zaune bayan hutun minti 5, kina rubutawa. In yana yawan kai 140/90, ki kai wa likita takardar. Sai batun tukunya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da muke marmasawa a miya da yajin kan tebur duk suna cikin lissafin.

Tambaya: Ina da ciwon hanta nau'in C. Na ji yana kawo kumburi, shi ne nake sayen diclofenac a kemis. Daidai ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa: Alhaji, ka daina yau. Diclofenac da ibuprofen na ciwon gaɓoɓi ne. Shan su kullum yana hau da jini, ya taɓa ƙoda, ya ƙara haɗarin ciwon zuciya, ga zubar jini a ciki ga mai raunin hanta. Kai kuwa ka yi sa'a, naka yana warkewa: magungunan zamani irin su sofosbuvir da daclatasvir, a mako 12, suna kawar da ƙwayar ga fiye da mutum 9 cikin 10. Da tsada, amma can ya kamata kuɗinka ya tafi. Ka fara da gwajin da zai tabbatar ƙwayar tana nan a jini, domin gwajin farko yana nuna an taɓa kamuwa ne kawai, sannan ka sayi maganin da takardar likita, ka duba lambar NAFDAC a kwali.