Farfesanmu ya gayyace mu gidansa, in je ko kar in je?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Jos. Farfesan da ke duba mana furojek yakan kira mu shan shayi a Farin Gada da yamma, yanzu kuma ya ce mu zo gidansa ran Asabar. Mamana ta ce sam ba ta yarda ba. Wai laifi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zama da malami a wajen aji ba laifi ba ne, ni da nake koyarwa yau rabin abin da na iya ba a lakca na same shi ba. Na tuna wata Disamba sanyin Jos ɗin nan kamar zai tsinke kunne, mu biyar kan benci wajen mai tsire, malaminmu ya karkaɗe yaji daga takardar da aka naɗo naman ya zana mini yadda zan tsara babi na uku a bayanta, abin da na yi wata biyu ina fama da shi kenan fa. A aji ana mutum ɗari biyu wa zai tsaya miki haka?

Amma Mama ba ta yi kuskure ba, don shi ba abokinki ba ne, makinki yana hannunsa, kuma furojek ya fi kwas guda nauyi, furojek ɗin kaɗai zai iya sauke miki darajar digiri. Shi ya sa tambayar da nake so ki yi wa kanki ita ce, in na ce ba zan zo ba me zai faru? In amsar ita ce babu komai, to shayi ne kawai. In kuwa gabanki na faɗuwa, kina tunanin fayil ɗinki zai kwana wata guda a teburinsa, to wannan gayyata ta zama dole kenan ko da da murmushi aka yi ta.

Ki duba kuma wa da wa aka kira. Duk ɗaliban da yake dubawa ne maza da mata, a guruf ɗin WhatsApp aka faɗa, da rana ne, iyalinsa na gida? Ko ke kaɗai aka turo wa saƙo ƙarfe goma na dare? Sannan shi zai biya kuɗin shayi, kar ki ɗauki turare ko buhun dankali ki kai, gobe a ce sayen maki kika yi.

In magana ta fara canza launi kar ki goge saƙo ko ɗaya, ki je wajen shugaban sashe ko ofishin kula da ɗalibai. A 2018 muryar da wata ɗaliba ta naɗa a waya ce ta tona wani farfesa a Ile-Ife, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai shi kotu aka ɗaure shi shekara biyu.

Batun Asabar kuwa, tunda Mama ta hana, ki haƙura, ki tura masa saƙo cikin ladabi ki ce gida ba a bar ki ba, ki roƙi ya ba ki lokaci a ofis ran Litinin, ki tafi da babinki a buge tare da ƙawarki ɗaya.