Me ya riƙe 'yan Bama har kusan shekara kafin su iso gida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin da Turawa suka kai yaƙin Bama. Muna yara yakan ba mu labarin wani babban fareti da aka yi musu kafin su shiga jirgin ruwa, da yadda suka yi kusan wata guda ba abin da suke gani sai ruwa da sama. Da na girma na karanta cewa yaƙin ya ƙare a 1945, amma shi sai a 1946 ya dawo. Me ya riƙe su? Kuma ina amfanin fareti ga mutumin da hankalinsa ya riga ya koma gida?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, labarin da ya ba ku ya yi daidai da abin da tarihi ya rubuta.

Yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) ɓangare ne na Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka gwabza da Japan. Japan ta sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta 1945, aka sa hannu a takarda ranar 2 ga Satumba. Amma rundunoni biyu na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama, wato runduna ta 81 da ta 82, ba a gama kwaso su ba sai a cikin 1946. A cikinsu akwai 'yan Nijeriya, waɗanda su ne suka fi yawa, da 'yan Gwalkwas (Gana ta yau), da Saliyo, da Gambiya. Ta 81 an riga an janye ta zuwa kudancin Indiya tun kafin yaƙin ya ƙare, ta 82 kuwa tana cikin Bama. Duka biyun sun zauna jiran abu guda ne: jirgi.

A wancan zamani jirgin sama ba ya ɗaukar mutane da yawa. Dakota, wanda shi ne jakin sojojin ƙawance a Bama, mutum ashirin da 'yan kai yake ɗauka. Duk wanda zai ƙetare teku da runduna, sai dai jirgin ruwa. Jiragen kuwa yaƙi ya cinye su. A Tekun Atlantika kaɗai Jamus ta nutsar da jiragen 'yan kasuwa wajen 3,500. Waɗanda suka rage kowa yana kansu a lokaci guda. Amurka tana son kwaso 'ya'yanta, kuma a shirin da ta kira Magic Carpet ta mayar da mutum sama da miliyan 8 gida, har manyan jiragen yaƙi masu ɗaukar jiragen sama aka jera wa gadaje aka mayar da su na fasinja. Akwai fursunonin yaƙi da aka samu a sansanonin Japan, waɗanda yunwa da cuta suka mayar ƙashi da fata, dole a fara da su. Akwai Japanawa sama da miliyan 6, soja da farar hula, warwatse a ƙasashen Asiya, su ma sai an mayar da su ƙasarsu. Ga Turai tana fama da yunwa, tana jiran jiragen hatsi. Ga kuma Ingila tana tura sojoji su karɓe Malaya da Singafo, su shiga tsibirin Jawa na Indunusiya da kudancin Biyetnam. Duk wannan a kan jiragen da ba su isa ba.

To da yake ba za a iya kwashe kowa a rana ɗaya ba, sai kowace ƙasa ta tsara layi. Amurka ta yi lissafin maki: maki ɗaya ga kowane wata da soja ya yi a aiki, ƙarin ɗaya ga kowane wata a ƙasar waje, biyar ga kowace lambar yabo, sha biyu ga kowane ɗa har zuwa 'ya'ya uku. Da farko sai wanda ya tara 85 ake sallama. Ingila kuwa shekarun mutum da tsawon aikinsa ta haɗa, ta fara sallama ranar 18 ga Yuni 1945. Ko da hakan haƙurin mutane ya ƙare. A Janairun 1946 sojojin Amurka sun yi zanga-zanga a Manila, a wannan watan kuma dubban sojojin saman Ingila a Indiya suka ƙi fita aiki. Dama an taɓa ganin wanda ya fi wannan muni: a Maris 1919 sojojin Kanada da suka gaji da jiran jirgi a sansanin Kinmel da ke Wales suka yi bore, mutum biyar suka mutu.

Na kawo waɗannan ne don ka ga ba kakanka kaɗai ya sha jira ba, har Turawa akwai waɗanda sai 1947 suka ga gida. Amma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Ƙarancin jirgi gaskiya ne, sai dai wa za a fara ɗauka, wannan mutane ne suka zauna suka yanke. Sojan Ingila yana da ƙuri'a, yana da ɗan majalisa, matarsa tana iya rubuta wa jarida, kuma gwamnatin da aka zaɓa a Yulin 1945 ta san ƙuri'un sojoji suna cikin abin da ya kawo ta. Sojan mulkin mallaka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ba ya da mai kuka dominsa a inda ake raba jirage, ba shi za a sa a gaba ba. Akwai kuma wani dalili na taswira. Babbar hanyar jirage ita ce daga Indiya zuwa Ingila ta mashigin Suwez. Jirgin da aka karkatar zuwa Takoradi da Legas ya sauka daga wannan hanya, kuma ba wata runduna da ke jiransa a can da zai ɗauko a dawowa. Mai lissafin jirage yana ganin wannan a matsayin asarar makonni.

Mu zo kan fareti, domin nan ne tambayarka ta fi taɓa ni.

A zahiri tsarinsa sananne ne. A jera kamfani kamfani, samanja ya daka tsawa kowa ya ƙame, babban hafsa ya bi sahu yana dubawa, badujala ta ɗauka, a yi maci a wuce ta gaban dandamali ana sara masa. Sai jawabin godiya da ban kwana, wanda a bataliyoyin Nijeriya akan fassara da Hausa, domin Hausa ce harshen bariki tun kafin yaƙin. Wani lokaci a nan ake maƙala wa waɗanda suka yi bajinta lambobinsu. Su hafsoshi suna da nasu dalilin na yau da kullum: dubban mazaje da suka saba da bindiga, aka bar su wata da watanni ba aikin yi, zuciya ta cika da gida, idan ba a riƙe su da horo ba komai na iya faruwa. Shirin fareti, da wankin kaki da guga da goge takalmi da atisaye, yana cinye makonni. Haka ma azuzuwan karatu da koyon sana'a da aka buɗe musu a sansanonin jira, inda da yawa suka ƙara ƙwarewa a karatu da rubutu da tuƙi da kanikanci.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta suna da ƙa'ida tun Yaƙin Duniya na Ɗaya: ba a mayar da gawar soja gida, inda ya faɗi nan ake binne shi. Amurka ta bar wa iyalai zaɓi, ta kwaso gawawwaki da yawa, Ingila kuwa ba ta yi haka ba. Ke nan duk wanda ya rasu a kwarin Kaladan, ko a hanyar Miyohon, ko a dajin da 'yan Cindit (sojoji na musamman da ke kutsawa bayan layin Japanawa) suka ratsa, ba zai shiga jirgin nan ba. Idan aka busa begila aka yi shiru na minti biyu, mutanen da ke tsaye a sahu sun san sarai wa ya kamata ya kasance a gefensu. Wani ɗan garinsu ne da suka shiga soja rana ɗaya. Wani shi ne zai je ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya faɗa mata. Yawancin waɗanda aka gano kaburburansu daga baya an tattara su a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, babban birnin Bama a lokacin, inda kuma aka zana sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san inda suke kwance ba, har da 'yan Afirka. Faretin ban kwana shi ne zaman makoki ɗaya tilo da abokan yaƙinsu suka samu yi musu tare.

Kuma ita kanta rundunar, wannan ce ranarta ta ƙarshe a haɗe. Don yaƙi aka kafa ta 81 da ta 82 a 1943, da aka dawo kuma aka rushe su. Jirgi guda ba ya ɗaukar runduna, sai a rarraba ta, bataliya kaza yau, wata bayan mako biyu, hafsoshi Turawa da yawa kuma su kama hanyar Ingila. Mutumin da ya yi shekara biyu yana cin abinci a kwano ɗaya da wani Bagwalkwashe ko Basaliye, daga ranar ba lalle su sake haɗuwa ba. Shi ya sa tsofaffi suke manta sunan tsaunin da suka yi faɗa a kai amma ba sa manta faretin. An yi wani babba a Landan ranar 8 ga Yuni 1946, aka kai zaɓaɓɓun sojoji daga ƙasashe da yawa har da Afirka ta Yamma, amma wannan na nuna wa duniya ne. Wanda kakanka yake nufi mai yiwuwa nasu ne na cikin gida.

Batun wata guda a ruwa kuwa, lissafi ya goyi bayansa. Daga Bombai zuwa Legas, in an bi ta Adan, Bahar Maliya, Suwez, Bahar Rum, Jibiralta, a gangaro ta Firitawun, mil na teku ne wajen 8,000. In an zagaya ta Kef Tawun, kamar yadda runduna ta 81 ta yi a tafiyarta ta 1943, sama da 7,000 ne. Abin da mutane ba su cika lura ba ke nan: Suwez tana rage wa mai zuwa Landan hanya ƙwarai, amma ba ta rage wa mai zuwa Legas komai. Jirgin sojoji mai matsakaicin gudu yana cin mil 350 ko sama kaɗan a yini da dare. Ka raba, za ka samu mako uku da 'yan kwanaki, ka ƙara tsayawa shan mai da ɗibar ruwa, wata ya cika. Wanda ya taso daga Rangun kuwa nasa ya fi haka.

Zaman cikin jirgin ba daɗi. Hafsoshi, waɗanda kusan dukkansu Turawa ne, suna ɗakuna a sama. Baƙar fata mai muƙamin hafsa a lokacin ɗaiɗai ne, kamar Seth Anthony na Gwalkwas wanda ya samu muƙamin a 1942 ya kuma yi yaƙi a Bama. Sauran sojoji suna ƙasa, a manyan zaure marasa iska, wasu a gadaje hawa hawa, wasu a ragar kwanciya da ake ratayewa da dare a naɗe da safe. Ruwan daɗi a ƙayyade yake, wanka da ruwan gishiri. Bahar Maliya zafinta ya shahara, a nan mutane ke rububin kwana a saman jirgi. In teku ta tashi kuwa, jarumin da bai ji tsoron igwa ba sai ka gan shi kwance yana amai. Kullum akwai ƙidaya, da shara, da atisayen sanya rigar ceto a tsaya gaban ƙananan kwale-kwale. Abin da likitocin jirgi suka fi tsoro shi ne annoba, domin sun san abin da ya faru a 1918, lokacin da jiragen yaƙi da na sojoji suka yaɗa murar nan mai kisa daga tasha zuwa tasha. Jirgin Ingila mai suna Mantua ne ya kai ta Firitawun a Agustan shekarar.

Duk da haka dawowa ta fi tafiya sauƙi nesa ba kusa ba. Babu jirgin ƙarƙashin ruwa da ke farautarsu, babu kashe fitilu da dare, babu tafiyar karkace-karkace don kauce wa abokan gaba. Ni a ganina wannan doguwar tafiya ta yi musu wani amfani da sojan yau ba ya samu. Wanda jirgin sama ya ɗauko daga fagen fama ya sauke shi a ƙofar gida cikin kwana ɗaya, jikinsa ya iso, ransa yana can. Su kuwa sun samu makonni a zaune da waɗanda suka ga abin da suka gani, suna hira, suna lissafin kuɗin sallama, suna shawarar aure da noma da sana'a. A wannan hirar kuma aka riƙa gwada albashinsu da na sojan Bature, aka riƙa maimaita abin da suka gani a Indiya, ƙasar da ke dab da karɓar 'yancinta a 1947. Ba a daɗe da dawowarsu ba, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan mazan jiya a Akara suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Gana.

In kuna da sauran kayan kaka, ka nemi littafinsa na sallama. A ciki za ka ga lambarsa, wadda ga 'yan Nijeriya take farawa da NA, da bataliyarsa, da ranar da aka sallame shi. Lambar yabo ta yaƙin Bama tauraro ce mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. In kuma ka ci sa'a ka samu tambarin da ake ɗinkawa a hannun riga, shi zai gaya maka rundunarsa: baƙin gizo-gizo a kan rawaya na runduna ta 81 ne, mashi biyu a gicciye cikin gammo kuwa na ta 82.